Daga Tuga Zuwa Yelwan Yauri a Ƙaramin Kwale-kwale: Yadda Za Ka Shirya, Ka Tuƙa, Ka Rubuta

Kogin Kwara yana shigowa Najeriya ne ta jihar Kebbi, ta wajen Dole Kaina da Lolo, bayan ya baro tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi iyakar Benin. Tsawonsa daga tushe zuwa teku ya kai kimanin kilomita 4,180. Yawancinmu ƙetare shi kawai muke yi, ko ta kan gada ko a jirgin fito. Wannan jagora ta wanda yake son ya bi shi a tsaye ce, shi kaɗai a cikin kayak, wato ƙaramin kwale-kwalen nan na roba mai cin mutum ɗaya, daga gadar Tuga a ƙaramar hukumar Bagudo zuwa Yelwan Yauri, sannan ya dawo da rubutun da za a karanta a ƙaru.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Filafili ne kawai za ka riƙe kai kaɗai. Ruwan yana da masu shi: Sarkawa, Gungawa, Dandawa, Kabawa, masu fito da masu su da suka gaji kogin kaka da kakanni. Lafiyarka tana hannunsu bayan ikon Allah, kuma mafi daɗin abin da za ka rubuta daga bakinsu zai fito.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci

Kwara a wannan yanki sau biyu yake cika a shekara, kuma wanda bai san haka ba zai yi lissafi a kan kuskure. Cikar farko ta damina ce, daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da Gulbin Rima da na Zamfara da na Ka suke juye ruwansu mai laka a cikinsa. Ruwan yakan yi fari-fari, ya yi ƙarfi, ya kwaso itatuwa da ciyayi, ya shanye gaɓa har ka rasa inda kogi ya tsaya, inda gonar shinkafa ta soma. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin Kebbi ya san abin da nake nufi. Wannan ba ruwan ɗan koyo ba ne.

Cika ta biyu ita ce taka. Ruwan saman da ya sauka a Gini yakan yi watanni yana tafiya, ya bazu a faffaɗar fadamar tsakiyar Mali, lakarsa ta kwanta a can, sannan ya iso mana cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a tace, a natse. Ga zurfi, ga gudu daidai gwargwado, babu hadari. Saboda haka daga ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu ne lokacin tafiya. Daga Maris zafi yakan haura digiri 40, daga Afrilu zuwa Yuni kuma guguwar farkon damina takan taso daga gabas ba sallama.

Hunturu ma da nasa halin. Kogin kudu maso gabas ya nufa, iska kuwa daga arewa maso gabas take busowa, don haka ta hagunka za ta riƙa dukan ka, tana karkatar da goshin jirgin. Da asuba takan lafa, da hantsi ta tashi. A kan wannan za ka tsara yininka.

Mataki na 2: Tambayi lafiyar hanya, kuma ka yarda da amsar

Ba zan ɓoye maka ba, wannan ne matakin da zai iya soke tafiyar gaba ɗaya. 'Yan bindiga sun sha kai hari a sassan Shanga da Ngaski, Lakurawa sun addabi ƙauyukan kan iyaka a arewaci da yammacin jihar tun daga 2024, dajin gandun Kainji ma ba wurin shiga ba ne. Yanayin yana sauyawa daga mako zuwa mako, don haka labarin wata uku da suka wuce ba shi da amfani. Mutanen da za su faɗa maka gaskiyar yau su ne direbobin manyan jiragen kasuwa, 'yan banga, hakimai da ofishin 'yan sanda na yankin. Ka tambaye su a ware, ka gwama amsoshin. Idan biyu daga cikinsu suka ce kada ka bi wani yanki, ɗora jirginka a mota ka tsallake shi, ko ka ɗage zuwa baɗi. Kogin ba zai ƙafe ba.

Wannan ne ma dalilin da na ce ka soma daga Tuga maimakon Lolo. Can kan iyaka ne, da jami'an shige da fice da na kwastam, kuma baƙo shi kaɗai da jirgin da ba a saba gani ba abin tuhuma ne.

Mataki na 3: Jirgi da koyon faɗuwa

Kayak iri biyu za ka fi samu, galibi daga Legas ko Abuja: mai ƙwarin roba, da wanda ake hura wa iska. Ka ɗauki mai ƙwari, wanda ake zama a samansa ba a cusa ƙafafu ciki ba, mai tsawon mita 4 ko sama da haka. Na iska ya fi sauƙin ɗauka a mota, amma kogin cike yake da mari-mari, doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da masunta ke shimfiɗawa ƙarƙashin ruwa, ga kututturai, ga kuma iskar hunturu da za ta yi ta wasa da shi. Idan kayak ya gagara, ƙaramin komi na katako da kafinta a Yelwa zai haɗa maka ya isa, sai dai ya fi nauyi kuma sai ka koyi tuƙinsa wurin masu shi.

Filafili biyu: ɗaya a hannu, ɗaure da siririyar igiya a jikin jirgi, ɗaya ajiye. Rigar kariya daga nutsewa kuwa a jikinka take zama, a ɗaure, daga shigarka ruwa har fitarka, ko da kai gwanin iyo ne. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta ta, ta kuma hana tafiyar dare. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Kusan kowane gida a bakin ruwan nan yana da wanda kogi ya ci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi makonni kana gwaji a ruwa maras zurfi, da masunci a kusa da kai. Ka loda kayan da za ka tafi da su, ka kife jirgin da gangan, ka juyo da shi, ka hau. Yadda ake yi: ka riƙe gefen da ke nesa da kai, ka bar ƙafafunka su taso bayanka kamar mai iyo, ka ja cikinka ya kwanta a kan wurin zama, sannan ka mirgina ka zauna. Ka maimaita har sai ka iya yi a gajiye. Wanda bai iya wannan ba bai shirya tafiya shi kaɗai ba.

Mataki na 4: Neman izini

Nan ne na fi son ka daɗe. Bagudo da Koko/Besse suna ƙarƙashin masarautar Gwandu, Shanga da Yauri da Ngaski suna ƙarƙashin ta Yauri. Ka soma da takarda daga hakiminka ko mai unguwarka, mai bayanin ko kai wane ne da abin da ya fito da kai. Ka kai ta wurin hakimin inda za ka tashi, shi zai haɗa ka da Sarkin Ruwa. Ka sanar da 'yan sanda da ofishin NIWA na yankin. Katin shaidarka na ƙasa ya kasance a jikinka, kwafin takardun kuma a cikin leda mai zif.

Wurin Sarkin Ruwa ba a zuwa da gaggawa. Ka tafi da goro, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi: ranka ya daɗe, ina gajiya, ina ruwa, yaya jama'a. Ka bari wanda ya kawo ka ya gabatar da kai tukuna. In an ba ka baki sai ka ce, "Baba, ni ɗanka ne, ina son in bi ruwanku zuwa Yauri in rubuta abin da na gani, na zo neman izini da shawara." Ƙila ya yi shiru, ƙila ya tambaye ka ɗan wane ne kai, ƙila mutanen zauren su yi ta kallon juna don ba su ga dalilin da mai mota a gari zai wahalar da kansa haka ba. Ka haƙura. Idan ya soma zana maka kogin da yatsa a ƙasa, yana cewa nan ka bi hannun dama, nan akwai dorina, nan ruwa yana juyawa, ka fito da littafinka ka kwafe zanen nan yadda yake. Ya fi taswirar wayarka sabunta, domin yashi yana tashi daga wuri zuwa wuri kowace shekara.

Kafin ka tashi ka roƙe shi abu ɗaya: sunan mutumin da za ka sauka wurinsa a zango na gaba, in da hali ya kira shi a gabanka. Shi ma wancan ka roƙe shi haka. Da wannan sarƙa za ka isa Yelwa, kowane dare an san da zuwanka. Da ɗan gari akan ci gari. In an ce maka akwai wurin da ba a su, ko ba a tsayawa, kada ka tsaya gardamar dalili. Ka kauce, ka rubuta abin da aka ce.

Mataki na 5: Kaya

Ka rage, ka sake ragewa. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, sukari, ganyen shayi, ƙaramar tukunya da ashana a leda. Kifi za ka saya a hanya. Ruwan sha lita 4 zuwa 5 a yini. Na kogi sai an tace, an tafasa ko an sa masa ƙwayar tsarkake ruwa. Gidan sauro, tabarma, bargo domin sanyin bakin kogi a Janairu ba wasa ba ne, malafa mai igiya, riga mai dogon hannu, tocila, usur, wuƙa, igiya. Magani: gishirin ORS, na zazzaɓin cizon sauro, na ciwon jiki, bandeji, man kaɗe saboda kaushi da kantar hannu. Waya mai layi biyu, fawa banki, ƙaramin faifan sola, taswirar da ka sauke tun a gari. Kuɗi ƙananan takardu, a rarrabe wuri uku. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, kowanne a ɗaure.

Ka bar mutum ɗaya a gida da jadawalin zangonka da lambobin masu masaukinka, ku yi alkawarin kira kullum bayan magariba, ku kuma yanke abin da zai yi in ya ji shiru har wayewar gari.

Mataki na 6: Yini a kan ruwa

Ka yi sallar asuba, ka sha shayi, gari na yin haske ka tura jirgi. Mai tuƙi a natse yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, gudun ruwa ya ƙara masa. Kilomita 20 zuwa 30 a yini sun ishe ka, kwana biyun farko ma ƙasa da haka. Da ƙugu da baya ake tuƙi, hannu riƙo kawai yake yi. In rana ta take, iska ta tashi, ka nemi inuwa ka sauka. Da la'asar ka ɗan ƙara, amma ka isa masauki da sauran rana sosai. Baƙon da ya ɓullo daga ruwa cikin duhu yana tsorata gari, kuma a wannan zamani tsoro yana iya jawo harbi. Maganar kasaru da haɗa salla ka tambayi malaminka tun kafin ka bar gida.

Ka koyi karanta fuskar ruwa. Inda ya yi sumul da duhu, zurfi ne. Inda yake ƙananan tsalle-tsalle, yashi ne ko dutse. Inda ya rabu biyu kamar bakin almakashi, kusurwar tana kallon ka, akwai kututture a ƙasa. Gorar roba ko guntun soso da ke yawo wuri ɗaya alamar kalli ce, wato ragar kamun kifi, ko mari-mari, ko gura, wato tarkon kifi. Ka zagaye, kada ka taɓa, kada ka yanke ko da ka sarƙe, ka warware da hannu a hankali. Abincin gidan wani ne. In babban jirgi mai inji ya wuce, ka juya goshin naka ya fuskanci igiyar ruwan. Ranar kasuwa jirage sun fi yawa, ka riƙe gefe. Ka nisanci itacen da ya faɗo ruwa: ruwa yana wucewa ta cikin rassansa, mutum ba ya wucewa.

Dorina ita ce babbar magana, ta fi kada. Mutanen Yauri sun sha rasa rayuka da gonaki a kanta. Kowace safiya ka tambayi masunta inda take kwance. In ka kusanci wurin, ka riƙa buga filafili a jikin jirgi domin ta ɗago ka gan ta tun daga nesa. In ta firgita zurfi take nufa, don haka kai ka bi ta maras zurfi, kada ka shiga tsakaninta da tsakiyar kogi, kada ka shiga tsakanin uwa da ɗa. In mashigin ya ƙuntata, ka fita ka ja jirginka ta tudu. Da dare takan fito kiwo. In ka ga faffaɗan sawu mai yatsu huɗu da turba a cikin ciyawar burugu, wannan hanyarta ce, ba wurin shimfiɗa tabarma ba.

Akwai kuma abin da ba a gani: tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa a ruwan da ke kwance cikin ciyayi, ta shiga ta fata. Ka rage wanka da tsayuwa a irin wannan wuri. Bayan ka dawo da wata biyu ka je asibiti a gwada ka ko da ba ka ga jini a fitsari ba, akwai maganinta.

Kana dosar Yelwa kogin zai buɗe, gudunsa ya ragu, tsibirai su yawaita, domin ka shiga yankin da ruwan madatsar Kainji yake taɓawa. Shawarata ka tsaya nan. Ƙasa da Yelwa tafki ne mai faɗi, iska tana tayar da igiyar ruwa babba, kuma itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968 suna nan a tsaye ƙarƙashinsa.

Mataki na 7: Rubutun

A 1806 Mungo Park, Baturen da ya zo binciken kogin, ya wuce ta Yauri, ya halaka a Busa, kuma abin da ya rubuta game da wannan ɓangare na kogin ya tafi tare da shi. A 1830 Richard Lander da ƙaninsa John sun zo har fadar Yauri suna neman takardun nan, ba su samu ba. Saboda haka kowane dare ka ɗauki hoton shafukan da ka cika, in ka samu sabis ka tura wa mutuminka na gida.

Fensir ya fi biro, yana kama takarda mai danshi. Ƙaramin littafi a aljihun rigar kariya, babba a cikin leda. A kan ruwa kalma uku-huɗu kawai za ka sa, ko ka naɗi muryarka a waya. Cikakken rubutu sai lokacin hutun azahar, domin da dare gajiya da hirar masu masauki ba za su bar ka ba, kuma abin da ya kwana biyu ba a rubuta ba yakan narke ya zama "mun wuce wani ƙauye".

Me za ka rubuta? Kowa ya san kogi yana da kyau, rana tana faɗuwa. Ka kawo abin da sai wanda ya je. Sunan kowace tunga yadda mazaunanta suke faɗa, ba yadda taswira ta rubuta ba, da wanda ya kafa ta. Kuɗin fito, kuɗin kwandon kifi, wa ke saye, ina ake kai shi. Yadda mace take jera tarwaɗa a kan bandar kifi, ta lanƙwasa kowace ta soke jelarta, irin itacen da take sawa, yadda hayaƙi ya rina mata idanu. Wane kifi ya yi ƙaranci: giwan ruwa, kurungu, ƙarfasa, tsage? Me dattawa suke cewa ya jawo? Yaren da ka ji a kowane zango, Dandanci ko Fulatanci ko Gunganci ko Kambarci, da inda ya sauya. A ƙasar Yauri ka zauna da tsofaffi ka tambaye su tashin da aka yi lokacin gina madatsar Kainji, wanda ya raba mutane fiye da 40,000 da gidajensu. Akwai waɗanda har yau za su nuna maka fili a kan ruwa su ce nan garinsu yake. Masu wannan labari suna ƙarewa, kuma a ganina shi kaɗai ya isa dalilin tafiyar.

Ka raba shafi gida biyu: abin da idonka ya gani, da abin da aka faɗa maka, tare da wanda ya faɗa. In ka zo tsarawa, kada ka mayar da ji ya zama gani. Tsoronka da gajiyarka ma ka rubuta su, amma kada su cinye shafin. Mai karatu zai gaji da kai kafin ya gaji da kogin.

Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa, mashayar mata kuwa ka kawar da kai ka wuce. Kada ka wallafa inda kake a Facebook ko WhatsApp alhali kana kan hanya. Ka bari sai ka isa gida. Ko a lokacin, ka sakaya sunan wanda ya sauke ka da abin da ka gani na dukiyarsa, domin ba masu son karatu kaɗai ke karantawa ba.

In ka sauka a Yelwa, ka soma da kiran masu masaukinka ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙarshe har Sarkin Ruwan da ya sallame ka, ka shaida musu ka iso lafiya. Ka bar littafin ya huta mako biyu, sannan ka kwafe shi bi da bi, zango-zango. Kafin ka saki kowane kashi, ka kira wanda ya ba ka labarin ka karanta masa, ya gyara maka sunaye da abin da ka ji a karkace. Da yawansu ba sa karanta boko, don haka in ya fito ka naɗe shi da muryarka ka tura musu, hotunan da ka yi alkawari kuma ka wanke su ka ba direban jirgin kasuwa ya kai.